Gajeren Bututu Saboda Baba

Na'urar hangen taurari ta farko da na haɗa a ɗakina na Samaru ta fi ni tsawo. Madubi ne mai ɗan rami a gindin bututu, yana tara haske ya turo wa wani ƙaramin madubi can kusa da baki, inda ake sa ido. Hoto tas yake fita, amma sai ka hau benci kafin ka leƙa.

Baba kuwa tun da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, kullum yana kan kujera a gidanmu na Muciya. A da, in ana duban watan azumi, shi ke riga kowa nunawa da yatsa. Da na ba shi labarin ramukan da ke jikin wata, sai ya ce, "Kai dai akwai surutu. Kawo in gani."

Ba yadda za a yi ya hau benci, dole bututu ya gajarta, kuma raina bai so ba. In ka rage tsawo sai ka ƙara wa madubi zurfi, gugarsa ta zama azaba. Ƙaramin madubin ma sai ya ƙara faɗi, ya tare wani hasken. Abin da ya fi ƙona mini rai, taurarin da ke gefe sai su fito da wutsiya kamar 'ya'yan kwaɗi, tsakiya kaɗai ke fita sosai. Na yi watanni ina guga ina tsaki. Mai waldar da ya yanke mini bututun a Cikaji har tambayata ya yi ko turmi nake haɗawa.

Bayan magariba na kai masa sabuwar na'urar, wata ya kusa rabi. Na kafa ta gaban kujerarsa, wurin leƙawa ya zo daidai fuskarsa. Ya sa ido, ya daɗe yana leƙe. Kunya ta sa na fara ba da haƙuri.

"Baba, kada ka kula da gefen, can hoton ya ɗan lalace."

"Wane gefe?" in ji shi, bai ɗago ba. "Ni yanzu ko kai na kalla, fuskarka kaɗai nake gani, ban ganin kafaɗarka. An jima da hakan."

Duk gidan ba wanda ya san ganinsa na gefe ya tafi.

"Watan yana gudu fa," ya ce. "Maido mini da shi."

Na durƙusa kusa da gwiwarsa, na riƙa tura bututun a hankali, ina tsare masa watan a tsakiya.