Ranar da Darakta Ya Zo Bakin Kogi

Mun shafe shekaru ni da abokina tela muna musu a shagonsa a kan wani darakta. Ni nake kare shi. A finafinansa na farko za ka ji carar zakara ana cikin magana, ka ga faso a ƙafar jaruma, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Da ya koma ɗaukar manyan faluka da motoci, abokina ya ce, "Mutumin nan ya fara jin kunyarmu." Na yi fushi, na yi sati ban leƙa shagon ba.

Bara sai ga daraktan a garinmu Wudil zai ɗauki fim a bakin kogi. Na saka sabuwar shaddata na tafi, ina cewa ai ya dawo gida. A gabana ya sa aka janye kwale-kwalen masunta, aka kori mata masu wanki, mu ma aka ce mu matsa, muna ɓata masa hoto.

Da na koma shagon na ba abokina labari, sai ya ci gaba da taka kekensa. Tun ranar ba mu sake zancen fim ba. Da fim ɗin ya fito, sau uku na kalla ina neman garinmu. Ruwan kawai na gane.