Gonar Furen Gidan Su Madam Loreta

Nimatu 'yar zangon Kumasi ce, aure ya kawo ta Bronx. Mijinta Mahamudu yana tuƙa tasi, ita kuma tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Ta yi wa mutane da yawa wanka, ta ba su abinci a baki, amma babu wadda ta shiga ranta kamar Madam Loreta.

Tsohuwar Baturiya ce, asalin iyayenta Italiya. Mantuwa ta riga ta cinye ta, ko sunayen 'ya'yanta sai an tuna mata. Abu ɗaya ya rage mata daram: gonar furen airis da kakanta ya kafa a arewacin Bronx, babanta ya gada, a ciki ta girma. Da zafi ya fara shigowa sai ta kama hannun Nimatu.

"Ki kai ni gona, yanzu sun buɗe."

"To, Mama, ina gonar take?"

Sai idon tsohuwar ya ciko. Ba ta san hanya ba.

Nimatu ta tambayi babban ɗanta a waya, ya ce tun kafin a haife shi aka sayar, bai san komai ba. Abin ya tsaya mata a rai. Ranakun hutunta ta koma yawon cigiya. A laburare aka nuna mata tsofaffin jaridu, ta ga hoton wani mutum mai hular malafa tsaye cikin furanni, wata 'yar yarinya a wuyansa. Ta bi sunan titin da ta gani a jaridar, a bas. Wajen wankin mota ta tarar, da wani dogon gini na ajiyar kaya.

Mahamudu ya ce, "Maman Hakeem, wannan wahalar ta mece ce? Ko kin gano, ba ganewa za ta yi ba."

"Kullum sai ta tambaye ni. Na gaji da ce mata gobe."

Ta ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofofin unguwar. Wasu ko buɗewa ba sa yi. Daga ƙarshe wata dattijuwa ta ce uwarta a gonar take saye, kuma har yau furen yana fitowa a bayan gidansu. Ta ba ta labarin yadda mutane ke yin layi ranar Lahadi, da yadda aka yi sabon titi ya raba gonar biyu, baban Madam Loreta ya kwanta ciwo bai sake tashi ba. Ta haƙo mata saiwa guda, kamar ɗanyar citta. Nimatu ta dasa a bokiti kusa da taga. Shekarar farko ganye kawai ya yi.

Kafin ya yi fure, 'ya'yan Madam Loreta suka mayar da ita gidan tsofaffi a Nuw Jazi. Kamfanin da Nimatu ke wa aiki ne ya kira ta, aka ce ba sai ta je gobe ba.

Da furen ya buɗe, shuɗi mai duhu, Mahamudu ya kai ta da bokitin a kan cinya. Madam Loreta ta rame ƙwarai. Ta shafa furen, ta gyara zama, ta kalli Nimatu da fara'ar mai shago.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. Saye za ki yi? Ki zaga baya, babana yana can."

"Mama, ni ce Nimatu."

"Ki zaga, zai zaɓa miki mai kyau."

Nimatu ta ce to. Ta fita baranda ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta dawo ta ce ta ga baban nata, yana gaishe ta. Tsohuwar ta yi dariya har da tafi.

Cikin hunturun shekarar ta rasu. Sai bayan an binne ta Nimatu ta ji.

Yanzu wani tsoho take kula da shi a Harlem. Tana yi masa komai yadda ya kamata, amma idan ya fara labarin ƙuruciyarsa, sai ta tashi ta ce bari ta duba tukunya.