Mati Na Allah Biyu

Duk wanda ya taɓa kai gyaɗa awo a Tasawa a shekarun da aka samu mulkin kai ya san Mati Na Allah, mai ɗinke bakin buhu. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kullum da basilla soke a hula. In ya zauna gindin buhuna hannunsa ba ya hutawa, bakinsa ma haka, kuma yawanci kansa yake yi wa tsiya. Shi da bakinsa yake cewa ƙirjin na jarumi ne, zuciyar kuwa ta zomo. Talo-talo ya taɓa kora shi tun daga bakin tasha har cikin kasuwa, kuma shi ya fara ba da labarin. Abu ɗaya ne bai taɓa mayarwa abin dariya ba, ko matarsa Ladi ba ta san shi ba.

Shekarar da yaƙin Turawa ya yi zafi aka zo ɗibar soja ƙauyensu, Rijiyar Tanko, can wajen Gidan Amumune. Sunansa na cikin takardar da aka aiko wa mai gari. Labari ya iske shi a gona. Bai ko koma gida ɗaukar riga ba, ya yar da hauya ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, bai tsaya ba sai ƙasar Katsina. Mai gari kuwa mutum shida aka ce ya kawo, ba biyar ba. Sai ya kama wani maraya da ke yi masa kiwon awaki, ya ce in ya ji an kira Mati Na Allah ya amsa. Bature takarda yake dubawa, ina ruwansa da fuska. Haka aka tafi da bawan Allah.

Bayan shekara bakwai Mati ya lallaɓo ya dawo, amma bai nufi gida ba, ya sauka Tasawa inda ba wanda ya san asalinsa. Ya yi aure, ya haifu, ya yi suna wajen ɗinki. Tsoro biyu ya zauna da su: kada mutumin nan ya mutu da sunansa, kada kuma ya dawo da rai ya tona shi a bainar jama'a. Don a faɗi gaskiya, na biyun ya fi damunsa, kuma ya san wannan ba halin kirki ba ne.

Ana tsakiyar cinikin gyaɗa aka yi bikin jamhuriya. Aka ɗebi ma'aikatan wurin awo su kai kujeru filin da ke gaban biron kumandan, wato ofishin mai mulkin gari, Mati na ciki. An ɗaga tuta, 'yan lakkwal, yaran makarantar boko, sun jeru, sojoji sun zo daga Maraɗi cikin kamyo, babbar motar kaya, suna busa begila. Gefe guda ga mazan jiya a tsaye cikin tsofaffin kaki, za a ƙara wa wasu lambar yabo. Mati ya raɓe can baya da kujera a ka, don shi da soja sai dai kallo daga nesa.

Wani ma'aikaci ya buɗe takarda ya shiga kiran sunaye da ƙarfi.

"Sarzan Mati Na Allah!"

"Na'am!"

Bakin ne ya riga hankali. Mutumin da ya yi gudun kwana uku don kada ya amsa sunan nan, yau ga shi ya amsa ba da shi ake ba, har da ɗaga murya. Daidai lokacin wani dogo siriri ya fito daga sahun mazan jiya, ya buga ƙafa ya ce, "Présent!" Hannun rigarsa na hagu a naɗe yake, ba kome a ciki, ƙirjinsa kuwa lambobi har suna gogar juna.

Fili ya kwashe da dariya. Wani gardi mai kulki ya juyo ya ce, "Kai, sarzan na ina? Na buhu?" Aka ƙara tuntsirewa. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Ana maƙala masa lamba, idonsa na kan mai kujera a ka.

Mati ya so ya gudu, amma gwiwar da ta kai shi Katsina ta tsufa. Da aka tashi, gardin nan ya zo ya ce Sarzan na kiransa. Ya iske shi shi kaɗai a inuwar itacen bedi.

"Kai ne ɗan Na Allah na Rijiyar Tanko?"

Mati ya zube ƙasa. "Ranka shi daɗe, ni ne. In duka ne, dan Allah mu koma bayan biro. Iyalina na cikin taron ga."

"Tashi. Da hannu guda zan buge ka?" Ya taɓa lambobin ƙirjinsa. "Sunanka ya je Hwaransa, ya je Indoshin, ya sha sanyi ya sha ruwa. Ga shi, ban ɓata maka shi ba." Ya ƙara da cewa, "Ɗiyana duk ɗiyan Mati ne a takarda. Na je garinmu, rijiya ta ƙahe, mai gari ya rasu, kowa ya watse. Shekara ashirin da biyu ba wanda ya kira ni da sunan da uwata ta sani. Kai ka rage mani. Kira ni."

Mati ya shiga laluben sunan a ransa. Ya tuna jar akuyar mai gari mai karyayyen ƙaho. Ya tuna yagaggen warkin da mutumin ke ɗaurawa. Sunan kuwa fau-fau ya ƙi zuwa. Shekara ashirin da biyu yana tsoron mutum, a ransa ba ya ce masa kome sai "wancan". Kunya ta rufe shi, ya ji da ma dukan aka yi masa, a tsakiyar fili ma.

Sarzan ya jira, ya jira. Fuskarsa ta faɗa. Ya ce, "Ba kome," ya juya zai tafi.

Nan ne muryar matar mai gari ta faɗo wa Mati, wadda duk safiya take tashin unguwa da masifa. Bai tsaya shawara ba. Ya miƙe, ya riƙe ƙugu, ya matse murya irin tata, ya kwarara:

"Ishaƙu! Kai Ishaƙu, ɗan banza, awaki na cikin waken mutane!"

Masu kwashe kujeru suka waiwayo. Gardi ya taho da kulki a sama, ya ga wani ɗan ɗinkin buhu na zagin mai lambobi. Sarzan ya ɗaga masa hannu ya tsaya. Sarzan kansa ya daɗe bai juyo ba, kafaɗunsa na rawa. Da ya juyo dariya yake yi, hawaye na bin kumatunsa har kan kaki.

"Haka take hwaɗi," ya ce. "Wallahi haka take hwaɗi. Sake. Amma da muryarka."

Mati ya sauke hannu daga ƙugu. Da muryarsa ta kansa ya ce, "Ishaƙu."

"Na'am."