Koriyar Wayar da Bawana Ya Datse

Ni ɗan acaɓa ne, tsakanin Tudun Ƙofa da Sabon Gari nake yini, amma da baki aka fi sanina. In na tsallake kwata sai in ce kogi na haye. Shi ya sa ranar da na ce firizar matata tana jan mutum, ko ɗaga kai ba wanda ya yi.

Wanda ya ja mana wayar gidan ɗan gwaggona ne, taubashina ke nan. Bawana nake kiransa, shi ma yana ce mini haka, tun muna yawo ba wando. Da ya zo aikin, sai da ya tsayar da ni a falo ya yi mini wa'azi. Ya ce doka ce a bar waya ta fito daga akwatin soket kamar taƙi guda, don mai gyara na gaba ya sami abin kamawa. Ya ɗaga koriyar wayar nan mai ratsin rawaya ya ce ita ce ta ƙasa, a ɗaure ta jikin akwatin ƙarfen da jikin soket, in wuta ta ɓalle ta bi ta nan ta shige ƙasa maimakon ta bi ta jikin mutum. Ya sa na haƙa rami a bayan ɗaki, zurfinsa har ina jin maganar mutanen Akwanga. Muka binne rodi da gawayi da gishiri. Na koma kan mashin ina ta yabonsa a gari.

Matata kunun aya da zoɓo take yi, kuma lokacin cikinta ya tsufa. Ƙasan kicin ɗin kullum a jiƙe. Wata safiya ta kama murfin firiza ba takalmi, sai jin ƙara na yi. Na tarar da ita zaune a ƙasa tana riƙe da hannu. Da yamma ta haɗa kaya ta tafi Panda wurin mamanta. Ta ce ita da abin da ke cikinta ba za su dawo gidan da bango ke cizo ba.

Na sami taubashin nawa a majalisarsu ta bakin masallaci, na faɗa masa. Ya kwashe da dariya, ya ce wa jama'a su ji bawansa, matarsa ta gaji da surutunsa ta gudu, ya zo yana ɗora wa firiza. Kowa ya dara. Na rantse, suka ƙara darawa. Na je wurin gwaggo, ta ce in rufa mata asiri, wasanmu ba ya ƙarewa ne? Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Duk zagin da na yi masa da gaske, sai a ce wasan taubasai ne. Na ce masa mugu, azzalumi, ya ce ya gode, ubangida ai sai da bawa mai tsiwa.

Sai na daina zagin. Na bari har ranar Juma'a bayan an sauko, rana tana dukan ƙeya, na tare shi da fara'a na ce ya zo ya sha sanyi, komai ya wuce. Na riga na mayar da firizar jikin soket, na kuma wanke kicin tas, ban goge ruwan ba. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar kowane baƙo mai ladabi.

"Bawana, buɗe ka zaɓa da kanka, ni ba na yi wa bawa hidima."

Ya kai hannu. Wallahi ban taɓa sanin mai tumbi yana tashi sama haka ba. Hularsa sai a kan buhun aya muka same ta. Da ya dawo hayyacinsa ya ce laifin firizar ne, tsohuwar 'yar Kwatano ce, ita ke yoyon wuta.

"Na yarda tana yoyo," na ce. "To ina koriyar da ka ce ita za ta kwashe yoyon?"

Na kashe wutar gidan, na miƙa masa sukudireba. Ya ƙi karɓa, na kwance soket ɗin da kaina. Da ƙyar soket ɗin ya taso daga bango, wayoyin gajeru kamar gashin hanci. Koriyar kuwa an datse ta can ciki, ba ta taɓa komai ba. Na bi ɗaki ɗaki ina kwancewa. Na falo ne kaɗai, wanda aka yi mini wa'azi a kansa, yake da taƙinsa da koriyarsa a ɗaure. Ragowar wayar tawa, daga baya na ji, ita ce ta haska sabon shagonsa.

Ya soma cewa haba ɗan'uwa. Karo na farko ke nan a rayuwarmu da bai ce bawana ba. Na ce ya ɗauki hularsa.

Wani na kira daga Sabon Gari ya sake jan wayar kicin da ɗakuna, aka gyara firizar. Na je Panda da hoton akwatin a buɗe cikin wayata. Matata ta kalla ta ce ai ni ko hoto zan iya yi wa ƙari. Da ta dawo, sai da ta sa na tsaya ba takalmi a jiƙaƙƙen siminti na rungumi firizar tukuna ta ajiye jakarta.

Da ta haihu, ranar suna taubashin nawa ya zo da rigunan jarirai, yana wani leƙe yana neman in tsokane shi. Gwaggo ta zungure ni ta ce ga bawanka nan ya iso. Na miƙe na ba shi hannu, na ce sannu da zuwa Malam, na gode Malam, a sauka lafiya. Har yau haka nake gaishe shi.