Daminar da Aka Kai Baba Ajiya

Wata Talata ce cikin damina, shekarar da nake aji huɗu na firamare. An wayi gari da ruwa, ina duƙe a tsakar gida ina kora shi da tsintsiya zuwa rariya, sai na ji ƙarar keken ɗinkin Baba ta tsaya a zaure ba lokacin tsayawarta ba. Na leƙa. 'Yan sanda biyu ne tsaye, tare da wani mutum da ban sani ba, yana nuna keken yana cewa nasa ne. Baba ya miƙe da zare a baki, ya cire shi, ya dube ni ya ce, "Binta, ki ce wa Innarki ina zuwa." Lungunmu na Ƙofar Galadima mota ba ta shigarsa, don haka a ƙasa suka tafi da shi har bakin titi, wani ɗan dako na biye da keken a ka. Babu ƙofar da ba a tsaya ana kallo ba.

Baba tela ne, kaftani da 'yar shara yake ɗinkawa. Keken nan ya saye shi ne a kasuwa daga hannun wani baƙo, ashe na sata ne. Ni kaɗai ce 'ya a gidan a lokacin, daga ni sai Inna sai kaji da wata akuya mai ɓarna. Bayan kwana biyu ƙanin Inna ya zo ya tsaya a bakin ɗaki, ya ce an shiga kotu, alƙali ya ce a kai Baba ajiya. Ni ajiyar da na sani ita ce ta Inna, wadda take sa daddawa da kuka a kwalla ta rufe sai an buƙata. Na yini ina tunanin wane irin wuri ne ake ajiye babban mutum, kuma wa zai tuna ya ɗauko shi.

Kafin wannan, da la'asar ƙofar gidanmu ce matattarar yara. Nan muke 'yar carafke da duwatsun da muka goge har suka yi santsi, nan muke zana 'yar gala-gala a jiƙaƙƙiyar ƙasa, in an gaji a koma gaɗa. Ƙawata Ladidi ita ke biyo mini makaranta kullum. A makon nan ta daina. Da na tare ta a hanyar injin niƙa, ta sunkuyar da kai ta ce an hana ta. Matattarar ta koma can ƙarshen lungu, ina jiyo tafinsu daga soro. A makaranta ba wanda ya zage ni, sai dai in na zauna a benci sai a ɗan matsa, kowa ya janye jakarsa kusa da ƙafarsa. Lokacin tara sai in tafi gindin dalbejiya in ci rogona, in yi carafke ni kaɗai, ina cin kaina ina faɗuwa. Inna kuwa ta rage magana. Surfe, wanke-wanke, jan ruwa a rijiya, duk muna yi ba mai ce wa wani komai.

Gida uku tsakaninmu da Malam Tanimu, wani dattijo da ya yi aikin magatakarda a kotu har ya ajiye aiki. Idonsa ya yi rauni, kullum yana zaure kan buzu da carbi, yara ma tsoronsa suke yi don ba ya dariya. Wata rana Inna ta aike ni in kai wa matarsa zogale, na gaishe shi zan wuce, ya ce, "Ba 'yar gidan Malam Isa tela ba ce? Zo nan." Na durƙusa. Ban san lokacin da na tambaye shi ko Babana ɓarawo ne ba. Ya ce, "Tuhumarsa ake yi. Tuhuma tambaya ce, ba amsa ba ce. Har yau alƙali bai ce ya yi laifi ba, kuma in alƙali bai faɗa ba, ba wanda ya isa ya faɗa." Ya ce ajiya kuwa zaman jiran shari'a ne, ba ɗauri ba ne, don ɗauri sai bayan hukunci. Tun ranar Talatar nan, shi ne babban da ya fara yi mini magana kamar ina da hankali.

Daga nan kullum in na taso daga Islamiyya sai in biya. Duk kalmar da na tsinta a bakin manya sai in kawo masa, shi kuma ya warware mini. Mai ƙara shi ne wanda ya kai kuka, wanda ake ƙara shi ne Baba. Sammaci takarda ce ta kiran mutum kotu. Beli kuma, ya ce, shi ne wani mutum sananne ya tsaya ya ce a ba shi wanda ake tuhuma ya tafi gida, shi zai kawo shi duk ranar da ake nemansa. Na ce to me ya sa ba a tsaya wa Baba ba? Ya dai ci gaba da jan carbi. Daga baya na ji cewa duk waɗanda aka nema sun ba da uzuri. Washegari na ga Malam Tanimu ya sa babbar riga, ya ɗauki sanda, matarsa na yi masa faɗan santsin hanya. Da azahar ya dawo tare da Baba.

Baba ya dawo ya rame, ya yi shiru. Ba keke, kuma masu ɗinki sun zo ɗaya bayan ɗaya sun karɓe yadinsu. Sai ya koma gonarmu ta bayan ganuwa, ni ke kai masa abinci ranar da babu makaranta. In zauna a gindin ɗorawa ina korar tsuntsaye daga masara, shi yana maimai, mu yini ba mu yi magana goma ba. A watannin nan na koyi kalmar da na fi tsana, wato ɗage shari'a. Baba ya yi wanka ya tafi, ya dawo ya ce an ɗage. Malam Tanimu ya ce abin da ake jira shi ne shaida, mutumin da ya gani da idonsa, ya kuma yarda ya rantse ya faɗa. Akwai wani mai gyaran keke da aka yi cinikin a gabansa, amma tsoron kotu ya hana shi zuwa. Sau uku dattijon nan yana takawa har rumfarsa kafin ya yarda.

An fara cire masara aka yanke hukunci. Baba ya shigo da sallama mai ƙarfi irin wadda na manta yana yi, Inna ta zauna a kan turmi tana kuka. Na ruga wurin Malam Tanimu na ce an sallami Baba. Ya ce, "An sallame shi, ko an wanke shi? Wanda aka sallama ana iya sake kiransa. Wanda aka wanke ya fita ke nan." Na koma da gudu na tambayo, na dawo ina haki na ce an wanke shi. Ranar na ga haƙoransa. Sai na tambaye shi wa zai bi lungu ya gaya wa mutane, tunda ranar da aka tafi da Baba kowa ya gani. Ya ce, "Wannan kam kotu ba ta yi. Haƙƙinsa ne a mayar masa da sunansa, amma ba a aika wa unguwa sammaci."

Haka kuwa aka yi. Wasu sun zo barka, da yawa ba su zo ba. Ladidi ta dawo tana biyo mini, amma na riga na saba tafiya ni kaɗai, zancenmu bai ƙara daɗi ba. Shekara na zagayowa Baba ya kwashe mu muka koma unguwar Gyallesu, inda ba wanda ya san labarin. Malam Tanimu ya rasu ina aji biyu na sakandare, sai bayan an yi bakwai muka ji.

Yanzu ni ma na yi jikoki, kalmomin nan kuma sun cika rediyo da waya. Da an kama mutum da safe, kafin azahar hotonsa ya zaga gari, kowa ya gama yanke hukuncinsa. In na ga irin wannan ba fuskar mutumin nake kallo ba, 'ya'yansa nake tunani, da inda za su zauna gobe a aji. Na bi ta tsohon lungunmu bara, an rushe zauren Malam Tanimu an yi shago. Na tsaya kaɗan a wurin, ba wanda ya gane ni. Har yau ban yi masa godiya ba.