Hajja Yagana da Rigakafin Turaren Wuta

Na shiga ɗakin Ya Falmata a Bolori, na tarar da ita tana ta atishawa, idanu jawur, ga kaskon turaren wuta a gabanta. Yayata fa, wadda tun muna yara turare ke tayar mata da borin jini!

Wata biyu tana fama da ciwon kai, har likita ya ce a yi mata hoton ƙwaƙwalwa. Ashe maƙwabciyarta Hajja Yagana ce ta hana, ga ta nan zaune tana ƙara gawayi.

Na ce, "Hajja, kashe ta za ki yi?"

Ta ce, "Ke ba kya karatu ne. An turo mana wani bincike a waya, masu atishawa ba sa yin ƙari a ƙwaƙwalwa. Ta yi ta shaƙa, rigakafi ne."

Binciken fa cewa ya yi abin ya ɗan fi ƙaranci a cikinsu, ba wai ba ya kama su ba.

Na fitar da kaskon, na ce Ya Falmata ta ɗauko mayafinta mu tafi asibiti.

Bara da idon Hajja ya yi ciwo, da gudu ta tafi asibiti. Ku ma akwai irin wannan likitar a layinku?