Kan Ruwa a Gonar Samnu

Shekara takwas 'yata tana riƙe da gefen hijabina. Ba ƙari nake yi ba, duk hijaban da na mallaka a nan garin Sabha gefen dama ne ke fara koɗewa. Maganarta ba ta wuce kalma ɗaya ko biyu, ba ta kallon mutum cikin ido, kuma in mota ta yi oda sai ta toshe kunnuwa ta durƙushe a inda take. Likita ya ce da Larabci sunan abin tawahhud, haka Allah ya yi ta, daban take jin duniya. Matan gidan hayarmu na unguwar Abdulkafi suka ce iska ce. Na ce to iskar ta fi wasunsu natsuwa. Sati biyu ba su gaishe ni ba.

Abu ɗaya ne ke cin raina. Ina da hawan jini, mu baƙi ne, dangina kaf suna Damagaram. Ranar da na faɗi, wa za ta riƙe?

Maigidana yana aikin ban ruwa a wata gona a Samnu. Mai gonar, wani dattijon Balarabe, yana kiwon barewa uku da jimina da ɗawisu, kuma ran Juma'a da la'asar yakan bar iyalan ma'aikata su shiga kallo. Shi ne gidan namun dajinmu. Har yau in na rufe ido ina ganin wurin: rairayi ja iya ganinka, sai kwatsam kore, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, inuwa tana rawa a jikin mutum. Daga ƙofa zuwa garken barewa dabino goma sha huɗu ne a jere, 'yar magudanar ruwa tana bin gindinsu. Yarinyar nan tana mutuwar son barewa. Sai su tsaya suna kallon juna, ba mai takura wa wata.

Babanta ne ya kawo dabarar. Ya ce shi ba ya sakar wa gona ruwa gaba ɗaya, fangali guda yake buɗewa, in ya sha ya buɗe na gaba. Haka muka yi mata. Juma'ar farko na zare hannunta a dabinon da ke dab da garke, na danƙa mata ciyawa, ta yi taku biyar ita kaɗai. Juma'a ta gaba muka ja baya da dabino ɗaya.

A dabino na shida ɗawisun nan, uban iyayi, ya ƙwala kuka. Ta durƙushe, ni kuma na kwasa a guje har ina yar da takalmi. Aikin wata da rabi ya rushe. A mota maigida ya ce ai ni ce ban iya saki ba. Na ba shi amsa daidai da shi, amma na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa na fi jin haushi.

Shi dai ya lura cewa duk sanda ya buɗe magudana, idonta na kan ruwan da ke gaba, wanda ke rarrafe yana tura 'yan karare. Daga nan sai ya riƙa jira ta tsaya da ciyawarta, sannan ya sa shebur ya buɗe. Ta riƙa bin bayan kan ruwan, kanta a sunkuye, dabino bayan dabino.

Ranar da muka fara daga ƙofa, rana ta yi sanyi, kurciyoyi suna ta kuka. Tana tsakiyar hanya ɗawisun ya sake ƙwala kuka. Ta durƙushe. Ƙafata ta ɗaga da kanta, sai maigida ya tare ni da ƙotar shebur.

"Ki tsaya, don Allah. Ki ba ta lokaci."

Na tsaya. Ruwan bai jira ta ba, ya wuce ta gefen ƙafarta yana sheƙi. Ta daɗe tana kallonsa. Can ta sauke hannu ɗaya daga kunne, ta tsinci ciyawarta, ta miƙe ta bi shi. Na hango ta 'yar mitsitsiya a ƙarshen dabinai, barewa tana ci a tafin hannunta.

Da ta dawo na miƙa mata gefen hijabin, don sabo. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Inna, zo," ta ce.

Ta juya ta shige gaba. Na bi ta a baya ina sharar hawaye da gefen da ta bar mini.